Sista Laraba Tana Wangsa Maju da Ranta

An yi wa Sista Laraba Ɗanladi addu'ar mamata tana zaune a falona tana kallo. Ƙungiyar sistocin Katolika da ta kafa da hannunta ce ta yi wannan aika-aika, a bikin tunawa da kafuwarta, ta manhajar Zum, korona na shekararta ta biyu. Ni Musulma ce, ban san kan cocinsu ba, amma na san mai rai in na gan shi, balle wadda ƙofarta ke kallon tawa a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur.

'Yar manoma ce daga wani ƙauyen Kirista a ƙasar Malumfashi. Tun tana budurwa ita da ƙawarta Saratu suka sami wani fada, limamin coci, suka ce ba za su yi aure ba, jinya da karɓar haihuwa za su yi saboda Allah. Ya ba su tsohon ɗakin ajiyar gyaɗa. Saratu ce mai boko, ita ke zuwa gaban bishof da Turanci. Laraba ke kwaɓa ƙasa, ta tuƙa tuwo, ta ɗauko mai naƙuda a keke daga ƙauyen da babu hanya.

Saratu ta rasu. Ƙungiya ta yi bene da motoci, shugabanci ya koma hannun masu digiri, sai bakin Laraba ya fara damunsu. Ita ce mai miƙewa a taro ta tambayi abin da ya sa motar asibiti ke kai shugabarsu, Uwa Felishiya, gyaran haƙori Kaduna. Sai suka ce za su karrama ta. Karramawar ita ce a turo tsohuwa Kuala Lumpur ta riƙa yi wa sistoci biyu masu karatu a wata makaranta da ke titin Jalan Semarak girki.

Da aka kulle gari saboda korona aka sami jirgin kwasar mutane, sistocin biyu suka haye, suka ce nata tikitin na tafe. Layin wayarta ya mutu. Na ce ta karɓi tawa ta kira gida ta yi musu tas.

"An ce in jira, Maman Zuhra. Biyayya na rantse zan yi. Shiru ne kawai ban rantse a kai ba."

Ta jira. Ta ɗinka takunkumi da guntayen yadin shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman muna sayar mata. Ɗalibanmu na gida da tallafinsu ya maƙale kuwa, tuwo da miyar kuka take rataye musu a ƙofa, ba ta taɓa tambayar wa ke salla ba. Can gida wani ya ce ai korona ta ɗauke ta, kowa ya ce Allah sarki, aka wuce wurin.

Maigidana Malam Halliru ne ya ga sanarwar bikin a Fesbuk. Sista ta goge farin lulluɓinta, da la'asar muka jingina waya da kwalbar mai. Sai ga hotonta da kyandir a gaba, ga Uwa Felishiya tana share ido da hankici.

"Uwarmu Laraba," in ji ta, "mai sanyin hali, wadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba."

Sista ta juyo. "Maman Zuhra, wace Laraba ce wannan? Ban san ta ba."

Ta ɗaga hannu, ta kira sunayensu, amma an rufe wa kowa baki a Zum ɗin ban da manya. Aka zagaya da kyamara aka nuna ɗakinta. An mai da shi wurin ziyara, an rataye keken a bango, mata na durƙuso gaban gado.

"Sun sake katifa," ta ce. "Da ina kai bayana na ciwo, cewa suka yi babu hali."

Na rubuta musu cewa ga ta nan tana kallonku. Mai kula da taron ta fitar da mu, wai 'yan damfara ne. Washegari na sami sakatariyarsu ta bidiyo, ta ga Sista ido da ido, ta yi salatinsu na Kirista, sannan ta ce abin da wuya, don an riga an buga kalanda da hotonta a matsayin marigayiya. Kalanda dai. Tun daga ranar ba a sake ɗaga wayata ba.

Na gane lissafinsu. Laraba ta jikin bango ba ta tambayar ina mota ta je. Amma matar nan ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da gona. Wannan ɗakin ne kaɗai gidanta a duniya, yanzu kuma an buɗe hanya jirage na tashi.

Uwa Felishiya, ke da majalisarki: ku tsaya a coci ranar Lahadi ku faɗa wa jama'a da bakinku cewa tana da rai. Ku aiko mata da tikiti, ku fitar da masu durƙuso daga ɗakin, ku miƙa mata makulli a hannunta.