Kada A Cire Rigar Tsofaffi

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran 'yata ta fari, wadda muke kira Injiniya, bayan wani zazzaɓi da duk muka raina. Ni tela ne da surutu ya fitar daga aji huɗu. A yi haƙuri da rubutuna, mai gyara mini shi ita ce ta tafi.

Injiniya, har yau in an tambaye ni aikinki, ɗinki nake cewa. Ke kika jawo. Kin haɗa wani ɓangaren manhaja mai karanta wa mutum saƙo da murya, wanda masu yin manhajoji ke ɗauka su sa a nasu. Sai dai ƙwaƙwalwar wayoyi ba iri ɗaya ba ce. Kika ce, "Baba, kamar riga ce. In yanka ta siriri, in yanka ta ƙato, har da ta mutum-mutumin shago, wato wayar kwaikwayo da ke cikin kwamfuta. In ɗaure su ƙunshi ɗaya, kowa ya ɗauki daidai shi."

Na ce, "Duk bokon nan, ashe tela na haifa?"

Kin hana ni canza wayata mai tsagaggen gilashi, wadda roba ke riƙe da murfinta. Kin ce mutum-mutumi ba ya ɗaga hannu balle hammata ta yage, sai an gwada a jikin mai rai. Sai ki zo shago, ki ture ƙyallaye, ki zauna kan teburin yanka, ki ɗora mata sabon ƙunshi. In ya zauna daidai, wayar ta yi magana da muryarki da kika naɗa don gwaji: "Baba, kana ji na?" Ni kuma in ce, "Ina ji, ɗauka ce ba na yi."

Da abokan aikinki suka zo gaisuwa, babbansu ya faɗa mini, kansa a ƙasa, cewa ƙunshin ya yi nauyi. Za su cire rigar tsofaffin wayoyi irin tawa daga ciki, ke kaɗai ce dama kike tsaya mata. Na yi dariya, don ban san me zan yi da fuskata ba. In sun cire, wayata za ta yi shiru. Mahaifiyarki kuma, da ba ta karatu, ta koma neman mai karanta mata saƙo.

'Ya'yana, abokan aikinta, ban iya aikinku ba, amma na san ba a yar da awon mutum yana raye. Ku bar mana rigarmu. Ba za mu daɗe muna sa ta ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki. Ya ba mijinki, da ɗanki, da mahaifiyarki haƙuri. Da safen nan na danna wayar, kin tambaya. Na nemi zolayar da zan mayar miki, na rasa. Ina ji, Injiniya. Ina ji.