Rabin Gurbin da Ya Kusa Hana Ni Aure

Kwanan baya na tarar da ɗiyata a tsakar gida, kwamfuta bisa cinyarta, tana ta tsaki. Aikinta rubuta wa kwamfuta umarni ne, abin da ban gane sosai ba, don ni a firamare na tsaya. Ta ce so take kan magana ya fito a tsakiyar layi idan an buga, amma umarnin da take aiki da shi ya san tura rubutu hagu, ya san tura shi dama, bai san tsakiya ba. Dole ita ta cire tsawon rubutun daga faɗin layin, ta raba saura gida biyu, ta zuba gurabe marasa harafi a gaba.

Na ce, "To in bai rabu daidai ba fa?"

Ta ce, "Sai kwamfutar ta yar da rabin, Baba. Wa zai lura?"

Sai da na nemi kujera na zauna. Wa zai lura! Na ce ta je ta tambayi uwarta.

A shekarun da farar hula ke mulki, lokacin da aka fara layin sabulu da madara, ina buga tafireta a wani ofishi a Bodinga. Mutum ne ni mai yawan fargaba. Nakan kulle ƙofa, in kai bakin titi, in dawo in taɓa kwaɗon. Amma a wannan kakar ko fargabar tawa rawa take, domin an ba ni yarinyar da nake so a Mandera, an kuma sa rana. Ina tafe bisa keke ina gaida mutanen da ban sani ba. Wata safiya har jaki na yi wa ina kwana, kuma ban ji kunya ba.

Katin gayyata ya gagara a maɗaba'ar Sakkwato, an ce babu takarda. Na roƙi shugaban ofishinmu ya yarda in buga gayyatar da kaina bayan an tashi aiki, in gurza a injin ofis da takardata. Ya yarda, ya ba ni sitansil guda, wato takardar kakin nan da ake bugawa a kanta a ɗora wa inji. Ya ce ita ce ta rage, ruwan gyaran kuskure kuma ya bushe tun bara. Don haka na ƙudura ba zan taɓa ta ba sai na gwada a bayan tsofaffin takardu, dattawan biyu sun gani sun amince.

Dattawan su ne Kawuna na Danchadi, wanda ya riƙe ni kuma shi zai karɓa mini aure, da mahaifin yarinyar, Alhaji mai fataucin albasa. Kawu ajami yake karantawa, daga dama. Alhaji kuwa ya yi ajin yaƙi da jahilci da girmansa, yana ji da bokonsa, ko buhun taki ya gani sai ya karanta shi da ƙarfi.

Na jera sunayensu a layi ɗaya, na Kawu a hagu, sai "da", sai na Alhaji a dama. Na kai wa Kawu a fadama, yana ban ruwa. Ya goge hannu, ya ce in nuna masa nasa. Na nuna.

"Ga hagu? Ni ka aje ga hagu, kamar butar bayi? To ka nemi wani shi karɓa maka armen, ni ban zuwa."

Na hau mota zuwa Mandera. Na miƙa wa Alhaji takardar, na tsuguna nesa da tabarmarsa, kaina ƙasa. Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa daga hagu, a hankali.

"Af. Ashe ni na biyu ne. Ɗiya tawa, gida nawa, ni ab baya. Ba komi, yaro. A bari sai an cire albasa, mu ga ko an koyi girmama mutane."

Sai an cire albasa! Ko dashe ba a gama ba. Takarda guda ta ɓata wa mutum biyu rai, kowa ta gefensa.

Da la'asar yarinyar ta fito zaure, na ba ta labari kamar mai kawo saƙon rasuwa. Ta dube ni, ta dubi takardar, sai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Malam taifis, kai da ke buga wa gwamnati takarda. Ka musanya su mana! Baba ga hagu, shi ne na farko ga boko. Kawu ga dama, shi ne na farko ga ajami."

Wallahi ji na yi kamar in yi tsalle in taɓa azarar zauren. Na fita na manta takalmi ɗaya, sai da ta jefo mini.

Washegari na musanya, na kuma sa layin a tsakiya yadda aka koya mini: ka kai kan keken rubutun tsakiyar takarda, ka riƙa faɗin haruffa bibbiyu, kowane biyu ka ja baya sau ɗaya, inda ka tsaya nan za ka fara. Na yi, na sake, na kuma sakewa, don ban yarda da bakina ba. Gefen hagu da na dama suka fito daidai. Alhaji ya gani ya gyaɗa kai. Kawu ya gani ya yi murmushi, har na fara godiya, sai na ga ya ninka takardar gida biyu, ya murje da farce, ya buɗe. Sunan Alhaji dogo ne, ya tsallake layin ninkin ya shigo ɓangaren dama.

"Dibi nan. Ya shigo mani gona. Ko ga fadama ba a yi mani haka."

Ya ce "da" ɗin nan ita ce iyaka, dole ta zauna kan ninki, kuma kowa filinsa ya kai na ɗan'uwansa har bakin takarda.

Na koma ofis. Na ƙara wa Kawu "Malam" a gaban suna, wanda dama ya cancanta. Suka kusa yin kai ɗaya, amma nasa ya gaza da harafi guda. In na ɗora "da" kan ninki, farin gefen da ya rage bayan sunan Kawu ya fi faɗi, kamar an rage masa kunya ɗaya a gona. Na gwada ƙara gurbi guda tsakanin "Malam" da sunansa, ya fito kamar giɓi a bakin yaro, kowa zai gani. Abin da nake bukata shi ne in raba gurbin nan biyu, rabi bayan "Malam", rabi kafin "Danchadi", sunan garin da ke ƙarshen sunansa. Amma tafireta, a iya sanina, taki cikakke take yi. Ba ta san rabi ba.

Na daina cin abincin kirki. Ina alwala ina lissafi. Mai shayin bakin ofis ya tambaye ni ko sukari nawa, na ce masa rabi bayan Malam.

Ranar da na fid da rai, ina zaune gaban tafiretar, babban yatsana ya sauka kan dogon sandan da ake dannawa a bar gurbi, na manta ban ɗaga ba. Na lura kan keken ya ɗan matsa ya tsaya. Na ɗaga yatsa, ya ƙarasa. Na sake dannawa, na riƙe. Ya tsaya a rabi! Na buga harafi yatsana na danne, harafin ya faɗi tsakanin gurbi da gurbi. Ashe duk shekarun nan rabin yana ƙarƙashin yatsana. Na yi kabbara da ƙarfi har maigadi ya leƙo da sanda, yana tambaya ko maciji ne.

Aikin dai da wuya. Daga rabin farko zuwa na biyu, kowane harafi sai na danne sandan, in buga, in saki, in ja baya. Na gwada a bayan takardu har kwandon shara ya cika, sannan, da yake rana ta matso, ban jira dattawan sun gani ba, na yi bisimilla na sa sitansil. Na bi harafi-harafi har na kai ƙarshen layin. Wajen gurzawa ma sai da na yi ta gyara zaman takarda a inji, ina ninka kowace ta fito ina dubawa, kada injin ya karkatar mini da iyaka.

Ranar kasuwar Shagari dattawan biyu suka haɗu a rumfar albasar Alhaji. Na miƙa wa kowa tasa da hannu biyu, na koma gefe na tsuguna. Kawu ya ninka, ya ɗaga ta saitin rana. Farkon sunan Alhaji ya hau kan ƙarshen nasa cif, ninki ya ratsa tsakiyar "da". Alhaji bai yarda da ninki ba. Ya karyo tsinken tsintsiya, ya auna gefensa, ya datse da farce, ya kai gefen Kawu. Ya juya tsinken ya sake aunawa. 

Kawu ya ce, "Alhaji, ka ga nawa ya hi walawa. Suna ya samu wurin miƙe ƙafa."

Alhaji ya ce, "Nawa dai a cike yake, Malam, kamar buhun da ni na ɗura. Babu iska ciki."

Suka yi dariya har Kawu ya yi tari. Alhaji ya cusa takardar a aljihu, bai ko dube ni ba ya ce, "Rana tana nan inda anka aje ta. Tashi, yaro, ka tare wa masu saye hanya."

Na tashi na bi ta cikin kasuwa ina raba gayyata ga duk wanda na ci karo da shi, har da wani Bafillace da ya tare ni yana tambayar inda ake sayar da igiya. Ya zo ɗaurin auren kuwa, da ƙwaryar nono.

Ɗiyata ta je ta tambayi uwarta, kamar yadda na ce. Ina jin su daga ɗaki suna ta dariya. Da ta fito na ce mata, in dai sunan mutum ne a layin nan, kada ta bari kwamfuta ta yar da rabin ba tare da ta duba gefen wa ya faɗa ba.