Hular Doña Eulogia

Ranar 29 ga Oktoba da hantsi, Don Teófilo, akawun wani kantin magani a birnin El Alto, ya ɗago kai daga takardunsa. Wata dattijuwa ce tsaye cikin baƙaƙen kayan takaba, 'yar hula mai tsada ɗore bisa kitsonta. Tana kwance ƙunshi a hankali, tana jera kwali huɗu na maganin zuciya, ko ɓare su ba a yi ba. A rasit ya ga sunanta, Eulogia Condori.

"Na maigidana ne, bai jira su ba. Ku maido min da kuɗin in sayi fulawa. Ranar matattu, farkon Nuwamba, ruhinsa zai leƙo gida, kada ya tarar da tebur ba burodi."

"Mama, doka ta hana. Abin da ya fita ba ya dawowa."

"Naku ke nan, ɗana. Nawa yana dawowa."

Ta ɗaure ƙunshinta, ta tambayi hanyar asibitin coci, inda ake karɓar kyautar magani don marasa hali.

Ranar 3 ga Nuwamba ta dawo, kai babu hula, ta ajiye wa Don Teófilo burodi biyu. Hular ce ta sayar ta sayi fulawar.