Bodil Kragh, Mai Awon Abincin Ɓeraye

A cibiyarmu ta bincike aka gano inda yunwa take kwana a cikin ƙwaƙwalwa, kuma mutum ɗaya ne ya gano wurin, shi kaɗai: Farfesa Asger Lundtoft. Haka aka zana a allon tagulla da ke bakin ƙofa.

Ta ƙarƙashin allon nan Bodil Kragh take turo kekenta kullum ƙarfe shida da rabi na safe, yau shekara talatin da ɗaya. Ta sauka ɗakin ƙasa, ta bi kejin ɓeraye ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya. Ta auna ragowar abincin jiya, ta ɗora ɓera a sikeli, ta rubuta. Duk abin da duniya ta koya a wurinmu game da ƙiba da ƙoshi, daga rubutun nan ya fito. Juma'ar nan za ta yi ritaya.

Shekara tara da suka wuce, Asger ya haɗa wani magani. Ɓerayen da aka yi wa allurarsa suka rage ci da rabi, suka rame. Mutum arba'in masu fama da ƙiba har sun yarda a gwada shi a jikinsu. Abin da ya rage shi ne taron ranar Laraba, inda za a sa hannu a takardar neman izini.

Mu goma sha biyu ne a teburin. Bodil ba ta da kujera a irin wannan taro, takarda ake aika mata ƙasa ta sa hannu. Sai ga ta da rigar aiki. Ta dire 'yar kwalba a gaban Asger.

"Mene ne wannan, Bodil?"

"Abin da na ciro daga cikin ɓera mai lamba sittin da uku. Da safen nan ya mutu. Garin katakon da nake shimfiɗa musu ne."

"To, ki miƙa ta'aziyyata ga iyalansa."

Aka yi 'yar dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ba ƙoshi suke yi ba, Asger, tashin zuciya ne. Ɓera ba ya iya amai, sai ya dinga cin shimfiɗarsa. Sau uku ina rubuto maka."

"A wace jami'a aka koya miki wannan?"

"A ɗakin ƙasa. Ka san wurin ai, ka taɓa zuwa ranar da 'yan jarida suka zo."

Mu masu manyan digiri muka duƙufa nazarin kofunan gabanmu.

Asger ya tura mata takardar, ya ɗora biro a kai. "Sa hannu kawai ake nema a wurinki."

"Ba zan sa ba."

"Kin san akwai masu neman aikin nan naki?"

"Na sani. Ka bari su zo su buɗe cikin mai lamba sittin da huɗu."

Biron yana nan inda Asger ya ajiye shi. Can ya ce a buɗe cikin ɓeraye ashirin, don a huta da maganar. Sha bakwai aka samu cike da katako, hanjinsu ya yi gyambo. Aka fasa gwajin. Bayan shekara biyu Asger ya wallafa bincike kan yadda ake bambance ƙoshi da tashin zuciya, aka ba shi lambar yabo.

Bodil, ke ce idon ɗakin ƙasa. Ke kika tsaya a kan ƙafarki ranar da mu goma sha biyu muke zaune. Mutum arba'in suna yawo da lafiyayyen hanji, ko sunanki ba su taɓa ji ba. Mun gode, a madadinsu da kuma madadin bakinmu da ya ƙi buɗewa. Masu tasowa, ku yi koyi da ita, amma ku ji ƙarshen zancen tukuna.

Dole rahoto ya faɗi dalilin fasawar, sai aka rubuta cewa ɗakin ƙasa bai sanar da sama a kan lokaci ba. A nan kuwa duk wanda ya tafka kuskure a wurin aiki shi yake kawo wa abokan aiki kek. Ranar Litinin Bodil ta kawo nata, mai kwakwa, gashin hannunta. Asger ya ci yanka biyu, ya ce sukari ya ɗan yi yawa. Ita ta wanke farantin.