Rijiyar Sadaka

Ƙofar banɗakinmu ta langalanga ce, ƙusar sama ta saki tun bara, don haka duk wanda ya tura ta sai ta yi ɗan kuka kafin ta buɗe. Ran nan bayan azahar ina tsintar shinkafa a bakin ɗaki na ji kukan nata. Ban ɗaga kai ba. Na sake ji, na kuma ji. A na huɗu na ajiye farantin na leƙa. Autata ce, shekararta shida a lokacin, ta fito riƙe da buta hannu biyu kamar ta fi ƙarfinta, leɓenta a bushe. Karo na uku ke nan a damina ɗaya da gudawa ta kama ta. Kowane karo sai a karɓo magani a kemis, in haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ta warware, bayan 'yan makonni abin ya dawo.

Gidanmu gidan gado ne a cikin birni, lungu biyu tsakaninmu da hasumiyar Gobarau. Mu ne da yara a ɓangare ɗaya, surukata Hajiya a ɗayan. A tsakar gidan akwai rijiya. Mahaifin maigidana, wanda kowa ke kira Baba Malam, shi ya sa aka haƙa ta, ya kuma fasa 'yar ƙofa a katanga don maƙwabta su riƙa shigowa ɗiba ba sai sun bi ta zaure ba. Ban riske shi ba, amma na san shi ta bakin masu guga. Mace ba ta cika bokitinta ta tafi ba tare da ta ce Allah ya kai lada kabarinsa ba, Hajiya kuwa tana zaune a kan tabarmarta da carbi tana amsawa da amin. Idan famfo ya ɗauke, wanda ya fi zuwansa yawa, tun hantsi gidan a cike yake.

A makon nan ne malamarmu ta Islamiyyar matan aure ta ce ran Asabar ba karatu, malaman jami'a za su zo su yi mana bayanin wani bincike da suka yi kan ruwan sha. Na so in yi zamana saboda yarinyar, amma ta ji sauƙi, maigida kuma ya ce in je, ai ilimi ne.

Su uku suka zo, maza biyu da mace ɗaya. Sun taho da majigi, ba wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Mazan suka tsaya kansa suna ja suna gumi, ita kuwa ta nemi alli ta nufi allo. Ta ce ita ba likitar asibiti ba ce, likitar karatu ce, kada kowa ta kawo mata ciwon ƙafa, aka yi dariya. Sai ta zana rijiya. Gefe kaɗan ta zana ramin masai. Ta ja 'yan layuka a ƙarƙashin ƙasa daga wannan zuwa wancan, ta ce idan damina ta sauka ƙasa ta ƙoshi, abin da ke cikin ramin yana bin ƙasa a hankali har ya sadu da ruwan, kuma ido ba ya gani, hanci ba ya ji.

Ni dai na daina jin sauran na ɗan lokaci. Gidanmu ta zana. Daga bakin rijiyarmu zuwa banɗaki ban taɓa ƙirga taku ba, amma igiyar shanyata guda ɗaya ce ta haɗa su.

Wata tsohuwa da ke zama a gaba ta ɗaga hannu ta ce, “Likita, mu da muka tsufa muna shan rijiya, ga mu nan daram.”

Ta kusa da ita ta ce, “Daram ina, Inna, ke da katin asibitinki ya fi na kowa tsufa?”

Likitar ta bari aka gama dariya, sannan ta ce babba yakan jure, yaro ne abin ke kayarwa. Na tuna darasin ƙwayoyin cuta da aka yi mana a sakandare, wanda na haddace don jarrabawa na ajiye shi can. Ban taɓa kawo shi kusa da randar gidanmu ba.

Da za su tafi suka raba 'yan kwalabe masu murfi, kowace da lamba a jiki, ba suna. Duk mai so ta ɗebo ruwan gidanta ta kawo wa malama, za su gwada su dawo da amsa. Na karɓi ɗaya na rufe da hijabi. Washegari Hajiya ta tafi barka, na zura guga na cika kwalbar. Har na yi bisimilla, sai na ji kamar na ɗauki abin da ba nawa ba.

Bayan mako biyu suka dawo. Aka riƙa kiran lamba ana ba kowa takardarta. Da aka zo kaina likitar ta ja ni gefen taga, ta yi ƙasa da murya ta tambaya ko akwai ƙananan yara a gidan. Na ce akwai, har da na maƙwabta. Ta ce ruwan nan kada yaro ya sha shi sai an tafasa. Ta lissafa mini abin yi: a zuba maganin ruwa a rijiyar lokaci-lokaci, a ɗaure cikinta da siminti, in da hali a cike ramin a haƙa wani nesa. Na saurara har ta kai aya, sannan na ce, “Likita, to idan rijiyar ba taki ba ce fa?”

Ta dube ni. Na ga alamar ta gane. Ta ce, “Ki yi magana da maigida, 'yar'uwa. Ki nuna masa takardar.” Ta dafa kafaɗata, aka kira lamba ta gaba. Ba na ganin laifinta. Abin da ta sani ta kawo mana har aji, ta kuma yi shi da mutunci. Motarsu ta juya ta nufi hanyar Batagarawa inda jami'arsu take, ni na koma lungunmu da takarda a cikin jakar littattafai.

Maigidana tela ne, ba mai gardama ba. Da ya dawo daga shago ya ci abinci na miƙa masa. Ya karanta sau biyu, ya ninke ta daidai yadda take. Ya ce shi ba ya musu da masu ilimi. Amma ina za a kai ramin? Gidan duka nawa yake, kuma bayan katangar nan masan maƙwabta ne, ko namu ya tashi nasu na nan. Maganin ruwa kuwa yana da wari, Hajiya za ta ji a kurɓar farko.

Ya ce, “Ki faɗa mini da wane baki zan ce wa mahaifiyata sadakar mijinta ce ke kwantar da jikokinta. Shekara nawa tana zaune a wurin nan tana amsa amin? Abin da ya rage mata ke nan.”

Na ce to yaran fa. Ya ce in riƙa tafasa musu a ɗaki, zai ƙaro gawayi, amma don Allah kada Hajiya ta ji daga bakina.

Sau ɗaya na gwada, ta gefe. Ina yi mata tsifa na kawo labarin abin da aka faɗa a makaranta, kamar hira, kan rijiyoyin gari gaba ɗaya. Hajiya ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Matar nan ita ta yi mini wankan jego huɗu da hannunta, ba ta taɓa kirana da komai ba sai ɗiyata. Cewa ta yi in miƙo mata moɗa. Ta ɗebo daga randarta ta ɗaga wa haske.

“Ɗiyata, ke da kika haɗa boko da Islamiyya. Launinshi ya sake? Shinshina. Ɗanɗana. To ruwan da ukun nan ba su sake ba, me littafi ya ce a kanshi?”

Na san abin da littafi ya ce, na karanta babin, na ma ci jarrabawarsa. Mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma har yau da shi nake alwalata ba ko ɗar. Na so in ce mata halaccin alwala daban, cikin yaro daban. Amma in na faɗa sai ta tambayi inda na sani, daga nan sai takarda, daga takarda sai kwalbar da na cika ba ta gida. Na ce haka ne, Hajiya, na ci gaba da tsifa.

Daga ranar na zama mai ɓoyo a gidan aurena. Da safe in hura kurfoti a bayan labule kamar shayi zan dafa, in tafasa, in bari ya huce, in juye a jarka in tura bayan akwati. Manyan yaran uku na yi musu bayani sun gane. Auta ce matsalar, don rabin wuninta a ɗakin kakarta take yi. Na rasa yadda zan yi, sai na ce mata idan Hajiya ta ba ta ruwa ta ce ba ta jin ƙishi, ta zo wurina. Yaran maƙwabta kuwa suna zuwa su kafa baki a guga a gabana. Wani lokaci in kira su in ba su nawa in ce sanyi gare shi, wani lokaci in shige ɗaki. Nakan yi istigfari a kan wannan, ban san ko ya isa ba.

An yi wata guda lafiya, sai cikin auta ya sake ɓaci. Ban san inda ta sha ba. Wannan karon har da amai, idanunta suka faɗa. Hankalin Hajiya ya tashi. Ta ciro allon Baba Malam daga inda take adana shi, ta aika wa limamin lungunmu ya yi rubutu. Da aka dawo da shi ta ƙi yarda kowa ya taɓa. Da kanta, da ciwon gwiwarta, ta je ta zura guga ta jawo sabon ruwa, ta wanke allon a ƙwarya. Na ce bari in kawo ruwa daga ɗaki in hutar da ita, ta ce allon Malam da ruwan Malam za a wanke shi.

Ta kawo har bakin ƙofata ta miƙo mini da hannu biyu. Baƙin ruwan yana motsi a ƙwaryar, ayoyin Allah ne a ciki, kuma na san abin da ke ciki bayan su. Ta tsaya tana jira in ba ta. Na ce yanzu ta yi amai, bari cikin ya ɗan lafa kada ta dawo da shi. Hajiya ta ce gaskiya ne, rubutu ba ya son a zubar, ta tafi sallar la'asar.

Na saki labule. Na juye rubutun a 'yar tukunya na ɗora a kan garwashi. Na tsaya a kai ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ban san ko ya halatta a ɗora rubutu a wuta ba, kuma har yau ban tambayi kowane malami ba, don duk wanda zan tambaya ya san gidanmu. Yarinyar tana kwance tana kallona. Da ya huce na mayar a ƙwaryar na ba ta ta sha, na shafa mata sauran a ciki. Bayan kwana uku ta miƙe. Hajiya ta riƙa faɗa wa masu ɗibar ruwa yadda Allah ya sa albarka a allon da rijiyar, suna cewa Allah ya kai lada, ni ma ina cewa amin tare da su.

Wata ranar Laraba da rana ta take, auta ta shigo da gudu daga ɗakin Hajiya, bakinta duk garin ƙuli-ƙuli. Ta nufi bayan akwati da kanta. Na zuba mata kofi ɗaya ta shanye, na ƙara ta shanye, tana haki. Ta ce Hajiya ta miƙo mata moɗa har sau biyu ta ce ba ta jin ƙishi. Na ce yauwa, Allah ya yi miki albarka. Ta goge baki da hannun riga, ta tsaya tana juya kofin.

“Umma, a makaranta an ce mala'ika yana rubuta ƙarya. Wannan ɗin ni zai rubuta wa ko ke?”