Malama Garbutt, Mai Nema wa Yaran Jamus Masauki

Ƙarfe bakwai na safe Malama Winifred Garbutt take ɗora butar shayi, kafin ruwan ya tafasa ta riga ta baza katunanta a kan teburin kicin. Kowane kati da sunan ɗalibi ɗaya. Na hannun dama 'yan garinmu ne, Grimsby ta ƙasar Ingila, na hannun hagu 'yan Cuxhaven ta ƙasar Jamus. Tana kurɓar shayi tana matsar da su, ta haɗa wannan da wancan, ta sake raba su. Ƙarfe tara sai ta turo keke waje ta shiga bin gidaje. Duk gidan da ta shiga tambayoyinta ba sa canzawa. Ina baƙon zai kwana? Akwai kare? Maigida yana sha? In ya sha, barci yake yi ko faɗa? Matan garin nan sun daɗe da daina jin haushin tambayoyin. Wasu ma tun tana bakin ƙofa suke fara ba ta amsa.

Bana ta cika shekara saba'in, gwiwa ta fara hana ta hawa keke, ta kuma ce tafiyar wannan bazarar ita ce ta ƙarshe a hannunta. Shekara talatin da tara ke nan tana kwasar ɗalibanmu ta kai su Jamus su yi mako uku a gidajen mutane, sannan ta kawo na can su yi mako uku a namu. Ta ajiye alli tun shekara goma da suka wuce, amma wannan aikin ba ta ajiye shi ba, kuma dama ba ya cikin abin da aka ɗauke ta ta yi.

Jamusanci take koyarwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta yi shekara biyu tana tafinta a sansanin fursunonin yaƙi da ake kaiwa aikin gona, a nan ta san wani fursuna mai suna Brodersen, wanda malamin makaranta ne a garinsu, Cuxhaven. Da aka sallame shi ya koma gida, sai ya rubuto mata cewa yana da ɗalibai arba'in da ke koyon Turanci, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin ɗan Ingila ba da kakin soja ba. Ta kai wasiƙar wurin hedimasta a shekarar 1952. Ya karanta, ya ce in ta samu gida goma a garin nan da za su karɓi ɗan Jamus, shi zai sa hannu. Ya faɗa ne don ya rabu da ita. Garinmu garin masunta ne, jiragen kamun kifinmu aka mayar na share nakiyoyin ruwa, da wuya ka bi layi ɗaya ba ka samu gidan da ya rasa wani ba. Ta buga ƙofa sama da sittin. Ta koma masa da gida goma sha ɗaya.

Ni Maureen Ablett, a shekara ta uku na shiga cikin lamarin, ina da shekara goma sha biyar. Mahaifina Cyril ya baro rabin ƙafarsa ta hagu a teku lokacin yaƙi, ƙanensa kuma bai dawo ba ko kaɗan. Tun daga nan gyaran taru yake yi a wani ɗan ɗakin katako da ke bayan gidanmu. Mahaifiyata ce ta amsa wa Malama cewa za mu karɓi baƙuwa, shi kuwa cewa ya yi gida nata ne, ta yi yadda ta ga dama. Hedimasta ya so a riƙa ɓoye wa iyaye abin da ubannin baƙin suka yi a lokacin yaƙi, Malama ta ƙi. A tsaye a falonmu ta gaya wa mahaifina cewa sunan yarinyar Frauke Tiedemann, ubanta sojan ruwa ne, a jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa ya mutu tana da shekara huɗu.

Ranar da Frauke ta iso, da aka zuba abincin yamma, sai ya ɗauki farantinsa ya dogara sandarsa ya fita ɗakin katako. Washegari ma haka. Bai zage ta ba, bai ko kalle ta ba. Frauke doguwa ce, siririya, Turancinta na littafi, komai aka ba ta sai ta ce ta gode sau biyu. Sai ta fara tura dankali gefen faranti tana cewa ta ƙoshi. A rana ta huɗu mahaifiyata ta ga abincin yana komawa kicin yadda ya fito, ta aike ni in kira Malama.

Ranar Lahadi ce da la'asar. Malama ba ta shiga cikin gida ba, ta jingine kekenta ta zagaya baya wurin mahaifina. An ba ni shayi in kai musu, shi ya sa na ji. Su biyun layi ɗaya suka tashi, babu wani kauce-kauce a tsakaninsu.

"Winnie," in ji mahaifina, "in wa'azi kika zo yi, an tashi daga coci tun safe."

"Da wa'azi yana kama ka, Cyril, da tuni ka daina warin kifi. Matsa min in zauna."

Ya matsa. Kowa a garin ya san cewa mahaifiyar Malama da ƙanwarta a harin jiragen sama na 1943 suka mutu, a gida ɗaya, ita tana makarantar horon malamai. Ba ta taɓa ɗaga zancen ba, mutane ma ba sa ɗaga mata. Ranar nan mahaifina ya ɗaga.

"Ke ya kamata ki fi kowa sani," ya ce.

"Na sani. Shi ya sa ban ce ka yafe wa kowa ba. Wannan tsakaninka da zuciyarka ne. Abin da ya kawo ni, akwai yarinya a gidanka da ta kwana huɗu ba ta ci abin kirki ba, don tana ganin ita ta kore ka daga teburinka. In ba za ka iya ba, faɗa min yanzu in tafi da ita gidana, ba wanda zai ga laifinka. Amma ba zan bar ta da yunwa a gidan masunci ba."

Ta shanye shayinta, ta ce sukarin ya yi yawa, ta tafi.

Da yamma ya dawo tebur. Ya kafa jarida a gabansa ya ci abinci a bayanta, haka ya riƙa yi. Frauke ta koma cin abinci. A mako na biyu mahaifiyata ta aike ta ta kira mahaifina, ta same shi ya ajiye basillar katako ta ɗinkin taru yana neman tabarau. Ashe kakanta ma gyaran taru yake yi. Ta ɗauki basillar ta ci gaba daga inda ya tsaya. Ya ɗaga tarun ya duba ƙullin, ya ja, ya sake ja.

"Haka kuke ƙulli a can?" ya ce. "To wannan ko kifin gwangwani ba zai riƙe ba."

Ya kwance ya nuna mata nasa. Wannan ce magana ta farko da ya yi mata, kuma ba su yi wasu da yawa ba bayanta. Ba zan ce ya sauya ba. Har ya rasu bai yarda an saya masa rediyo ƙirar Jamus ba. Amma ranar tafiyarta ya naɗe kyafaffen kifi a takarda ya ce ta kai wa kakanta, da aka kawo takardar tafiyata Jamus kuma ya sa hannu ba gardama.

Mu ashirin muka tafi, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sai wani jirgin ƙasan. A hanya mun ratsa garuruwan da har lokacin rabin gine-ginensu ba rufi, ciyawa ta fito ta tagogi. Malama ba ta ce mana ku duba ba, ba ta ce kar ku duba ba, ta dai ci gaba da raba mana tikiti. A gidan su Frauke gado ɗaya ne mai kyau, ni aka ba, kakarta ta koma kwana kan benci a kicin, sai bayan mako guda na gane. Baƙin burodinsu ya sha min kai kwana uku kafin na saba. A bangon falo akwai wurin da launin fenti ya bambanta, da ƙusa babu komai a kanta. Da Malama ta zo zagaye, mahaifiyar Frauke ta gaya mata a hankali cewa hoton mijinta ne da kakin soja, ta cire don kada baƙuwa ta ji wani iri. Malama ta ce ta mayar, gidanta ne, mijinta ne, kuma Maureen ba jaririya ba ce. Aka mayar. Saurayi ne mai manyan kunnuwa irin na Frauke.

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba, ita ma ba ta taɓa cewa haka ba. A 1961 ta sauke wani ɗalibi mai suna Jurgen a gidan da ta ga komai tsaf. Ranar Juma'a maigidan ya dawo da giya a cikinsa da abokai biyu, suka tsayar da yaron a tsakar falo suka ce sai ya ɗaga hannu ya yi musu irin gaisuwar sojojinsu ta lokacin yaƙi, suna dariya. Maƙwabciya ce ta garzaya ta faɗa. Kafin awa ɗaya Malama ta kwashe kayansa zuwa gidanta. A taron iyaye wasu suka ce a dakatar da shirin baki ɗaya. Ta miƙe ta ce laifinta ne, sau ɗaya ta je gidan, da safe, lokacin da kowa mutumin kirki ne. Ta rubuta wa iyayen Jurgen abin da ya faru ba ta rage komai ba. Jurgen bai sake zuwa Ingila ba, bai kuma amsa wasiƙunta ba. Tun daga shekarar sau biyu take zuwa kowane gida, na biyun ranar Juma'a bayan an tashi daga aiki.

Malama, ke ce kika san wanda ke amai a jirgin ruwa, kika zaunar da shi kusa da ke. Ke ce kika kwana biyu a asibitin Cuxhaven da Pauline Cammack lokacin da aka yi mata aikin gaggawa, kina fassara tsakaninta da likita. Da Malam Brodersen ya rasu ke kaɗai kika je daga nan, kika dawo da sunan wadda za ta gaje shi. Uwar tafiya, ba ki taɓa tara mu kin yi mana jawabin zaman lafiya ba. Abin da muka fi ji daga bakinki shi ne mu wanke wuya, mu gode wa matar gida, mu cinye abin da aka zuba mana.

Makon jiya na je gidanta na ce zan rubuta wannan. Ta ce ɓata takarda ne. Na matsa mata, na ce a ganinta me ta cim ma a duk shekarun nan, ko ta sa mutanen garuruwan biyu sun so juna. Ta ce wannan ba ta sani ba, wasu sun so, wasu ba su so ba, wasu ma sun manta sun taɓa zuwa.

"Abin da na sani," ta ce, "duk ɗan da uwa ta miƙa min a tasha, na dawo mata da shi a tashar."

Mun gode, Malama, mu da muka tafi da waɗanda suka zo. Ku kuma masu karatu, ba a neman ku iya Jamusanci, ba a kuma tambayar abin da ke ranku game da kowa. Ɗalibai goma sha huɗu za su sauka ranar ashirin ga Yuli, an samu gida goma sha ɗaya. Wanda ke da gado da ba a kwana a kai, da kujera ɗaya a tebur, ya je ya same ta. Ya dai shirya, don sai ta zo gidansa sau biyu.