Tsagar Da Na Rufe Da Fenti

Lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, na dawo Madawa daga bida, wato ci-rani, bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ko kaɗan zaman garin bai kama ni ba. Kullum hankalina yana tasha. Da aka raba gado gidan ya faɗo hannuna, inna kuwa ta riga ta koma wajen yayata a Azarori, sai na ƙudura in sayar in ƙara gaba. Masu saye biyu sun zo, sun leƙa, ba su dawo ba. Dillali ya ce mini gidan ya yi kama da kango, sai an yi masa kwalliya.

Na share tsakar gida, na kwashe turakun awaki, na sa sabuwar ƙofa. Sai dai bangon gabas na babban ɗaki, wanda ruwan damina ke duka, yana da tsagar da hannu ke shiga, gara kuma ta ci bakin azara. Maginin da na kira ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce wannan sai a rushe a sake. Na ce masa ni yaɓe na kira shi ya yi. Sai ya kwaɓa siminti. Muka bi da shuɗin fenti, muka rufe azarar da sili. Ranar da inna ta zo ganin gidan ta shafa wurin, ta ce in ji tsoron Allah in gaya wa duk mai saye. Na ce to, don dai ta yi shiru.

Wani dattijo ne ya saya, mushen lakkwal, wato malamin makaranta, daga Buza da ya aje aiki. Ya tambaye ni ƙarara ko ginin lafiya yake, don matarsa ba ta da ƙarfin ƙafa. Na ce lafiya lau.

Ban iya tafiyar ba. Sau biyu ina kai jakata tasha ina dawowa da ita. Hadari na haɗowa sai in kasa zama, in zagaya ta bayan gidan in duba bangon, in wuce kamar mai neman wani. Sau nawa na tsaya ƙofarsa da niyyar faɗa, in ya fito sai in gaishe shi kawai.

Wata la'asar cikin tsakiyar damina bangon ya zube. Matarsa na ciki tana salla, azara ta karya mata ƙugu. Na iske dattijon a likita, wato asibiti, na faɗa masa komai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya sha ganina ina zagaye bayan gidan, ya ɗauka kewar gidan ubana ce ke kawo ni, har ya ce wa matarsa su riƙa yi mini tayin abinci.

Na sake gina ɗakin da hannuna, amma baiwar Allah har yau da sanda take tafiya. Ya ce ya yafe. Ita ban taɓa iya kallon idonta in tambaya ba.

Jama'a, ku gyara gida ku ƙawata shi, ba laifi. Amma aibin da kuka sani ku nuna shi da yatsa tun kafin a yi ciniki, domin mutum ne zai shimfiɗa tabarmarsa a ƙarƙashinsa.